Kifin shak mai sunan Sakkwato da yadda masana ke rarraba dabbobi gida-gida

Duk wanda ya tsaya a bakin gulbi a Sabon Birni cikin watan Afrilu, lokacin da ruwa ya janye, rairayi ya yi fari fat, zafi yana tashi daga ƙasa, da wuya ya yarda cewa teku ya taɓa kwanciya a wannan sashe na duniya. Daga Turba ko Isa zuwa gaɓar teku mafi kusa tafiyar kimanin kilomita 800 ce a miƙe. Kifin da masuntan yankin suka sani shi ne tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, sai kuma gaiwa mai kwana cikin laka.

Duk da haka, a kundin sunayen dabbobi na duniya akwai wani kifin shak da aka raɗa wa sunan Sakkwato tun shekarar 1934. Sunan shi ne Ginglymostoma sokotoense. Babu wanda ya taɓa ganinsa da rai, domin ya ƙare tun kafin a san da ɗan Adam a bayan ƙasa. Haƙoransa kawai aka tsinta a cikin duwatsun Lardin Sakkwato na wancan zamani, kuma daga haƙoran nan ne masana suka gane ko wane ne shi, suka gano danginsa, suka ba shi gurbi a cikin jerin dabbobi. Yadda aka yi hakan shi ne ilimin rarraba halittu, wanda kuma ya shafi aikin likita da malamin gona da jami'in kwastan da ɗan kasuwa fiye da yadda ake zato.

Tekun da ya ƙafe

Masana duwatsu suna kiran faffaɗan kwarin da ya haɗa arewa maso yammacin Najeriya da yammacin Nijar da gabashin Mali da sunan Iwillimidan, sunan wata ƙabilar Buzaye. Ɓangaren da ya faɗo Najeriya shi ake kira Kwarin Sakkwato. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani hannun teku ya riƙa malalowa daga arewa, ya ratso inda Sahara take a yau, ya cika wannan kwari, ya janye, ya sake dawowa. Ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, irin wanda kifi da kunkuru da kadoji ke so. A shekarar 2019 wani ayarin masana ƙarƙashin Maureen O'Leary ta Jami'ar Stony Brook a Amurka ya fitar da sakamakon binciken kimanin shekara 20 da ya yi a Mali kan wannan teku da halittun da suka rayu cikinsa.

Kowane zuwa na ruwan ya bar shimfiɗarsa ta laka da rairayi, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda ake jera tabarmi. Masana sun ba shimfiɗun nan sunayen garuruwan da aka fi ganinsu a fili. Ta ƙasa, wadda ta fi tsufa, ita ce ta Gundumi, sunan dajin nan na ƙasar Isa. Rairayi ne da tsakuwa da yumɓu waɗanda koguna suka zubar, har da kututturan itatuwa da suka zama dutse. Ke nan a lokacin da aka shimfiɗa ta, ƙasar Isa da kewayenta tudu ce mai koguna da dazuzzuka. Idan matafiyi ya nausa yamma wajen Goronyo, sai ya hau shimfiɗun Taloka da Dukamaje da Wurno, masu shekara kimanin miliyan 66 zuwa 72. Bisa waɗannan kuma akwai na Dange da Kalambaina, masu shekara miliyan 56 zuwa 66. A shimfiɗun Dukamaje da Dange da Kalambaina ne burbushin halittun teku ya fi yawa.

Hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1919, ta tura jami'anta Lardin Sakkwato domin nazarin duwatsu da neman ruwan ƙarƙashin ƙasa. A cikin wannan aiki suka tattara ƙasusuwa da haƙora, suka aika da su gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Landan. A 1930 William Swinton ya rubuta bayanin ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki, a 1934 kuma Errol White ya rubuta na kifaye. A shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta zama mafarin bikin kamun kifi na Argungu, a shekarar ne White ya raɗa wa kifayen tsohon tekun sunayen garuruwanmu: shak na Sakkwato, da wani faffaɗan kifi ɗan'uwan shak mai suna Myliobatis wurnoensis, wato na Wurno, da wasu dangin tarwaɗa biyu, Nigerium gadense na Gada da Nigerium wurnoense na Wurno. Daga baya, a 1972, Bafaranshe Henri Cappetta ya yi irin wannan aiki a ɓangaren Nijar, a shekarun 1970 kuma masanin duwatsu ɗan Najeriya Cornelius Kogbe ya zurfafa nazarin kwarin baki ɗaya.

Dalilin da ya sa haƙori kaɗai ya rage

Mai karatu zai iya tambaya, ina sauran jikin kifin? Amsar tana cikin abin da ya bambanta shak da kifin da muke ci. Tarwaɗa da giwan ruwa suna da ƙashi na sosai. Shak kuwa, wanda Larabawa ke kira ƙirshi, ba shi da irin wannan ƙashi. Gangar jikinsa a kan guringuntsi take, irin wanda ke cikin kunne da kan hancin mutum. Guringuntsi yakan ruɓe da wuri bayan mutuwa, shi ya sa da wuya a sami jikin shak ya zama dutse. Haƙori kuwa ya fi komai tauri a jikinsa, kuma ba a ƙasusuwan muƙamuƙi yake dashe ba kamar namu. Haƙoran shak sahu-sahu suke a cikin dasashi, na gaba yana faɗuwa, na baya yana matsowa ya maye gurbinsa, haka har ƙarshen rayuwa. Wasu nau'o'in sukan zubar da dubban haƙora kafin su mutu. Tekun da ya yi miliyoyin shekaru cike da shak dole ya bar haƙora birjik a cikin lakarsa.

Mutane sun daɗe suna tsintar irin waɗannan haƙora ba su san ko mene ne ba. A Turai ana kiransu duwatsun harshe, ana rataya su a matsayin maganin dafi. Sai a 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno a Italiya, aka kai kansa birnin Fulorens, inda wani likita ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya feɗe shi. Da ya gwada haƙoran da duwatsun harshe, sai ya ga abu ɗaya ne. A 1667 ya wallafa hujjarsa cewa duwatsun nan haƙoran shak ne, kuma tudun da ake samunsu a da ƙarƙashin ruwa yake. Wannan hujja ita ce dai ake amfani da ita a kan duwatsun Dange da Wurno.

Kowane gidan shak yana da ƙirar haƙorinsa, gwargwadon abincinsa. Mai yanka nama yana da haƙori mai faɗi da kaifi kamar zarto. Mai cafkar ƙananan kifaye yana da dogo siriri kamar basilla. Mai fasa ƙwarya da ɓawo yana da gajere mai ƙarfi. Haƙoran da White ya samu ƙanana ne, misalin ƙwayar wake, da tsini a tsakiya da ƙananan tsinaye a gefe da gefe. Da ya jera su da haƙoran shak ɗin da ke raye, sai suka dace da wani gida da aka riga aka sani, amma suka saɓa da sauran 'yan gidan ta wasu fuskoki. Don haka ya sa su a gidan, ya kuma ba su suna na dabam.

Tsani mai matakala bakwai

Rarraba dabbobi tsohon aiki ne. Aristotal, masanin Girka, ya raba su zuwa masu jini da marasa jini, ya kuma lura cewa kifaye masu guringuntsi rukuni ne na dabam. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya kasa su zuwa masu tafiya da masu tashi da masu iyo da masu jan ciki a littafinsa Kitabul Hayawan. Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya jera su bisa haruffa a Hayatul Hayawan. Bahaushe ma yana da nasa rabon: dabbobin gida, namun daji, tsuntsaye, ƙwari, da naman ruwa.

Tsarin da duniya ke bi a yau ya samo asali daga Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fara fitar da littafinsa Systema Naturae a 1735. Bugu na 10, na shekarar 1758, shi ne aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen dabbobi na kimiyya. A lokacin Gobirawa suna Alƙalawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma yana ɗan shekara huɗu.

Tsarin yana kama da adireshi. Kamar yadda ake cewa mutum ɗan Najeriya ne, daga Jihar Sakkwato, Ƙaramar Hukumar Isa, gundumar Turba, unguwa kaza, gida kaza, haka ake sauko da dabba daga babban rukuni zuwa ƙarami. Ga adireshin shak na Sakkwato.

Matakala ta farko ita ce daula, Animalia, wadda ta tattara dukkan dabbobi, daga sauro zuwa giwa. An bayyana nau'o'i fiye da miliyan ɗaya da rabi a cikinta, kuma kimanin miliyan ɗaya daga ciki ƙwari ne. Ta biyu ita ce reshe, Chordata, inda duk mai ƙashin baya yake, tare da wasu 'yan halittun teku kaɗan. Ta uku ita ce aji, Chondrichthyes, wato kifaye masu guringuntsi. A nan akwai shak fiye da nau'i 500 da faffaɗan 'yan'uwansu fiye da nau'i 600. Alamominsu su ne kafofin numfashi biyar zuwa bakwai a buɗe ba murfi a mafi yawansu, da fata mai kaushi kamar samfefa, da rashin jakar iskar da sauran kifaye ke amfani da ita wajen yin sama da ƙasa a ruwa. Babbar hanta mai cike da mai ita ke taimaka wa shak ya yi iyo bai nutse ba.

Ta huɗu ita ce sahu, Orectolobiformes, shak masu gajeren baki da ke gaban idanu, waɗanda yawancinsu mazauna ƙasan teku ne. Kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, Rhincodon typus, wanda tsawonsa kan wuce mita 12, a wannan sahu yake. Ta biyar ita ce dangi, Ginglymostomatidae. Ta shida ita ce gida, Ginglymostoma. Ta bakwai ita ce nau'i, sokotoense.

Sunan kimiyya shi ne matakala biyu na ƙarshe a haɗe, gida sannan nau'i, da harshen Latin ko wanda aka yi wa ƙirar Latin. Ginglymostoma kalmomin Girkanci ne biyu, ɗaya tana nufin mahaɗar da ƙyaure ke juyawa a kanta, ɗaya tana nufin baki. Ƙarshen kalmar sokotoense kuwa yana nuna asalin wuri, tamkar a ce Basakkwace. Zaki shi ne Panthera leo, damisa kuma Panthera pardus, ke nan gidansu ɗaya. Kyanwa ita ce Felis catus, gidanta dabam amma danginsu ɗaya.

Matakalar nau'i ita ce ta fi muhimmanci. A sauƙaƙe, dabbobi biyu nau'insu ɗaya ne idan za su iya haɗuwa su haifi ɗa wanda shi ma zai haihu. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, da dogayen awakin Sahel duk Capra hircus ne. Bokolo da Bunaji da Rahaji iri-iri ne na saniya, kuma suna barbarar juna. Doki da jaki kuwa gidansu ɗaya, Equus, amma nau'insu dabam, shi ya sa ɗansu alfadari ba ya haihuwa. Ga dabbar da ta ƙare babu halin yin wannan gwaji, sai dai a dogara da sifar abin da ta bari.

Akwai kuma ƙa'idoji na ƙasa da ƙasa. Sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ne ke da rinjaye. Ba a ba gidaje biyu na dabbobi suna ɗaya. Dole kuma a ajiye samfurin da aka dogara da shi wajen raɗa sunan a wurin da kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba, domin shi ne ma'aunin da za a gwada duk abin da aka samu daga baya.

Inda ido ke ruɗin mutum

Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, kuma babu fagen da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan. Masana ba sa duba wurin zama ko kamannin waje kawai. Suna duba ƙirar ƙashi da haƙori da kayan ciki da yadda ake haihuwa, a zamanin nan kuma har da ƙwayoyin gado da ke cikin jini da nama.

Ayu, wanda Sarkawa suka san shi a kogin Kwara da Binuwai, ba kifi ba ne. Yana shaƙar iska, macen tana shayar da ɗanta nono, kuma a cikin dabbobin da muka sani giwa ce makusanciyarsa. Giwan ruwa kuwa, mai ɗauke da sunan giwa, kifi ne tsantsa. Kura ta yi kama da kare, amma ta fi kusa da kyanwa. Manyan dabbobin teku da ake kira kifin wel suna shayarwa, kuma dorina ce mafi kusa da su a cikin masu rai. Gaiwa, wadda ke da huhu, take kuma iya shafe rani cikin busasshiyar laka, ta fi kusa da kwaɗo a kan tarwaɗa. Ita tarwaɗar ma, saboda ƙashin jikinta, a lissafin masana ta fi kusa da akuya a kan shak.

Shi kansa Linnaeus ya yi kuskure a kan shak. A bugun 1758 ya fitar da kifin wel daga cikin kifaye ya kai shi wurin masu shayarwa, wanda daidai ne, amma sai ya sa shak a aji ɗaya da kwaɗi da macizai. Waɗanda suka biyo bayansa suka gyara.

Ƙasar Goronyo ma ta ba da misalin gyara. Ƙasusuwan da Swinton ya duba a 1930 sun haɗa da na wata ƙatuwar dabbar teku mai jan ciki, ya sa mata suna Mosasaurus nigeriensis. Bayan shekara 40, masana daga Jami'ar Fulorens, birnin da Steno ya feɗe shak ɗinsa, suka zo suka tono ƙoƙon kai a shimfiɗar Dukamaje. Da suka ga ƙirarsa ta saɓa da ta gidan da aka sa ta, sai Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka buɗe mata sabon gida a 1972, Goronyosaurus. Dogon bakinta ya yi kama da na kada, amma damo da guza da macizai su ne 'yan'uwanta na kusa.

Ɗan'uwan shak yana nan ma a ruwanmu na cikin ƙasa. A kogin Binuwai da Kwara akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya mai dafi a wutsiya, wanda masunta ke kira kunaman ruwa. Guringuntsi gare shi ba ƙashi ba, ajinsu ɗaya da shak na Sakkwato da kifin Wurno. An bayyana shi a 1962 da sunan Potamotrygon garouaensis, saboda garin Garwa na Kamaru, sannan a 2016 aka mayar da shi gidan Fontitrygon bayan sabon nazari.

Ɗan gidan da ke raye

Amfanin sanin gidan dabba shi ne, abin da aka sani game da 'yan gidan yana haska wanda ba a gani ba. Gidan Ginglymostoma yana da masu rai. Fitaccensu shi ne Ginglymostoma cirratum, wanda Bafaranshe Bonnaterre ya fara bayyanawa a 1788 da sunan Squalus cirratus. A 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, Jamusawa biyu, Johannes Müller da Jakob Henle, suka buɗe gidan da yake ciki a yau. A 2015 masana a Meziko suka nuna cewa na gaɓar tekun Fasifik nau'i ne na dabam, suka kira shi Ginglymostoma unami.

Wannan shak yana rayuwa a ruwa mai ɗumi marar zurfi a gaɓoɓin Atlantika biyu, har da gaɓar Afirka ta Yamma daga Sanagal zuwa Gabon. Launinsa ruwan ƙasa ne, tsawonsa kan kai mita uku, yana da gashin baki biyu kamar na tarwaɗa. Da rana yakan kwanta a ƙasan teku ko cikin kogon dutse, sau da yawa a gungu, domin yana iya zuƙo ruwa ta baki ya yi numfashi ba sai yana iyo ba. Da dare yake fita kiwo, yana zuƙe ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi da ƙananan kifaye daga ramukansu. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa a cikin uwar, ta haifi 'ya'ya 20 da wani abu bayan kimanin wata shida. Ba ya kai wa mutum hari sai an tsokane shi. Daga nan ne masana suke hasashen cewa shak na Sakkwato ma mazaunin ƙasan ruwa ne marar zurfi, abin da ya dace da irin lakar da aka sami haƙoransa a ciki.

Fatar wannan kifi tana da ƙarfi, ana jeme ta, ana kuma cin namansa. Yawan kamu ya sa Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar barazana. Ba shi kaɗai ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku na nau'o'in shak da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa, wani kuma ya nuna cewa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 daga 1970. Kiyasin masana shi ne ana kashe kimanin miliyan 100 a shekara, yayin da mutanen da shak ke kashewa a duniya duka a shekara ba su cika wuce goma ba.

Ina ruwan ɗan kasuwa da ma'aikaci?

Suna daidai yana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa. Manomin da maciji ya sara a gona, maganin da zai cece shi ya danganta da nau'in macijin. Dafin kububuwa, ta gidan Echis, yana hana jini daskarewa. Na gamsheƙa da na kasa suna aiki ta wasu hanyoyin. Maganin da aka haɗa domin macizan Indiya ba lalle ne ya yi aiki a kan namu ba, ko da sunan gidan ya zo ɗaya, shi ya sa aka haɗa EchiTAb da dafin macizan Najeriya, wanda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna da shi. Jami'in da ke sayo magani wa gwamnati, idan bai iya karanta sunayen da ke jikin kwalba ba, yana iya cika sito da abin da ba zai ceci kowa ba.

Haka abin yake ga sauro. Gidan Anopheles ne kaɗai ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, gidan Aedes kuma ke yaɗa shawara. A 2020 an gano Anopheles stephensi, baƙon sauro daga Asiya mai son tankuna da randunan birni, a Jihar Gombe, kuma ba a gane shi ba sai da aka bi sifarsa da ƙwayoyin gadonsa. Tsutsar da ta addabi masara, Spodoptera frugiperda, daga nahiyar Amurka ta zo, a Najeriya kuma aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016. Da aka san sunanta, sai aka buɗe abin da manoman Amurka suka sani game da ita tun da daɗewa.

A fagen ciniki, yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin namun daji, wadda Najeriya ke ciki, da sunayen kimiyya take aiki. A taronta na Panama a 2022 an ƙara nau'o'in shak fiye da 50 cikin waɗanda ba a fitar da su sai da takardar izini. Ɗan kasuwar da ke fitar da fata ko busasshen kifi, da jami'in kwastan da ke Illela ko Apapa, dukansu suna buƙatar sanin abin da ke cikin buhu da sunan da doka ta san shi da shi.

Dukiyar da ke salwanta

Farin dutsen Kalambaina, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ke niƙawa tun shekarun 1960, da irinsa na Malbaza a Nijar, tarin ɓawon halittun wancan teku ne. Dutsen fosfet na yankin Dange, wanda ake haɗa takin zamani da irinsa, shi ma gadon tekun ne. Haƙar ma'adinai halak ce kuma tana ciyar da dubban iyalai, sai dai kowane rami da aka buɗe yana fito da burbushin da ba za a sake samun irinsa ba idan ya shiga injin niƙa.

Samfuran da aka raɗa wa sunayen garuruwanmu suna Landan da Fulorens. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke son ganin ƙoƙon kan Goronyosaurus sai ya nemi bizar Italiya. A Yamai kuwa, gidan tarihi na Boubou Hama yana nuna wa yara 'yan makaranta ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a ƙasar Agadas. Rashin tsaron da ya addabi Isa da Sabon Birni da Goronyo a shekarun nan ya ƙara toshe hanya, domin wurin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa, mai bincike ba zai iya kafa tanti ba.

Akwai abin da za a iya farawa da shi ba tare da kuɗi masu yawa ba. Gwamnatin jiha da jami'o'in Sakkwato za su iya ware ɗaki guda na adana burbushin halittu, mai rajista da ma'aikaci. Masu haƙar dutse za su iya ba ɗalibai damar duba sabon rami kafin a kwashe. Malaman sakandare za su iya koyar da rarraba dabbobi da sokotoense da wurnoensis da gadense, maimakon misalan da yaro bai taɓa jin sunan garinsu ba.

Wanda kuma ya tsinci haƙori ko ƙashi da ya zama dutse wajen haƙar rijiya ko yankan bulo, kada ya wanke shi da ƙarfi ko ya fasa shi don ganin ciki. Ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya rubuta sunan wurin da zurfin ramin da irin ƙasar da ke kewaye da shi, ya naɗe shi a takarda, ya kai sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa ko ofishin hukumar binciken duwatsu. Samfurin da ba a san inda aka tono shi ba, masana ba sa iya sanin shekarunsa.